Akwatin da Ya Tafi Cikin Kayan Sadaka

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Yau na gane. Ina durƙushe ƙarƙashin tebur da tsintsiya a hannu, sai na ga kawunan waya huɗu zube a ƙasa, ba a cikin komai suke ba. Na ɗaga kai. A kan ɗan katakon da ƴata ta kafa a bango ƙura ta rufe ko'ina, sai wuri ɗaya fes. Nan ƙaramin farin akwatin nan yake zama, mai ƙaho biyu, mai ƙifta koren ido. Babu shi.

Tun ranar Asabar da na sake buɗe shago nake faɗa da ordinata, wato kwamfuta. Uku ne. Ta ƙofa inda nake zama, ta taga wadda masu zuwa suke aiki a kai, da tata a can kusurwa. Kowace tana kunnuwa lafiya lau, amma ba mai ganin ƴar'uwarta, amfirimanti kuma, injin buga takarda, ta ƙi fito da komai. Mutum ya zo da takardar neman aiki, na buga masa da yatsuna biyu, na ce ta fito, shiru. Na ba shi haƙuri, shi ma ya ba ni.

Na rufe shago na tafi gidan Yaya Ɗela, yayar marigayi mijina, don ita ta riƙe makulli lokacin zaman makoki.

"Wane akwati kuma?" in ji ta. "Au, rediyonta? Ai na haɗa da kayanta. Hijabai, takalma, darduma, duk mun fitar sadaka. Ke da bakinki kika ce kada ki ga komai nata."

Na faɗa. Ban musa ba.

"Wa aka ba, Yaya?"

"Balki, ki ji tsoron Allah. Abin da ya tafi sadaka ake bin sawunsa?"

Ƴata ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba tun ranar da aka raɗa shi, ba kuma zan fara a cikin kaye, littafin nan da nake rubutu, ba. Ita ta yi karatun ordinata a Damagaram, ita ta buɗe shagon nan a Magariya, ita ta ja wayoyin nan da hannunta. Ni nawa fotokofi da shara da ɗan bugun da ta koya mini. Ban wuce aji shida ba a lakwal.

Laraba, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Issoufou ya zo, ƙanin mijina. Ɗakin shagon nan a hannunsa yake tun rasuwar yayansa.

"Uwargida, har yanzu ana buro, ana zaman ofis?"

"Ana buro, baƙauye. Kaɗe ƙafarka kafin ka shigo."

Ya yi dariya, sai kuma ya dubi kusurwa ya daina. Bai zauna ba.

"Yaya, maganar hankali na zo mu yi. Gyaɗa ta kusa fitowa, ba ni da inda zan zuba. Injinan nan kuwa mai su ta tafi, Allah ya jiƙanta. Akwai wani a Babura da zai ɗauke su ɗaya-ɗaya. Ke ki koma gida ki huta."

"In huta in yi me? In zauna ina kallon ƙofar ɗakinta?"

"Mutane suna magana. Wai ko ƙasa ba ta bushe ba kin fito."

"Su yi ta yi. Bakinsu ne."

Ya shafa gemu. Ya ce to, ranar da amalanke ya fara shigowa da buhuna, in takarda tana fitowa daga abin nan ya bar mini ɗaki. In ba ta fitowa, in yi haƙuri. Na ce ya maimaita, ya maimaita.

Ba mugun mutum ba ne. Shi ya je ya taho da ita a ranar da ruwa ya tafi da ita, rigarsa jiƙe har wuya. Ban manta ba. Amma ɗakin nan ba zai ji warin gyaɗa ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, da azahar

Na buɗe shago. Fotokofi kawai. Mata biyu sun leƙo su ga ko ina kuka.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Na kirawo Sharifu, mai gyaran salula a tasha. Ya zo da wani baƙin akwati nasa, ya zura wayoyin, fitilu suka kama. Har na fara godiya. Ya tura takarda, shiru. Ya cire, ya hura, ya mayar. Shiru.

"Hajiya, cuta ce ta shige su. Sai an wanke su duka a zuba sabo."

"Wankewar me ke nan?"

"A goge duk abin da ke ciki, su dawo kamar daga kanti."

Na ce ya gwada da tawa, ta ƙofa. Tun hantsi har azahar yana kai. Ta dawo tas, da wani shuɗin allo da ban sani ba. Hoton da ta sa mini ya tafi, wanda muka ɗauka ranar buɗe shago, ita tana dariya ni ina kau da kai. Ƴar jakar nan ta gefen allo ma ta tafi. Ta nan nake shiga cikin tata in ɗauko takardun da ta tsara, ta neman aiki da ta shaida da su katin biki, in sauya suna kawai. Ta ƙofa ce kaɗai take da wannan hanyar.

Bayan duk wannan, takarda ba ta fito ba.

Ya tattara wayarsa ya nufi kusurwa. Ban san lokacin da na sha gabansa ba.

"Wannan ba a taɓa ta."

"Hajiya, in ba a wanke duka ba…"

"Na ce ba a taɓa ta."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce in yafe masa hoton, da ya sani da ya kwafe shi tukuna. Ya bar mini baƙin akwatin in riƙa gwadawa. Ban ji haushinsa ba, ni na ce ya yi. Ban yi kuka ba. Na share shago sau biyu.

Litinin, 15 ga Satumba, da hantsi

Na kira Hamida, ƙawarta da suka yi karatu tare. Tana Damagaram, cikinta ya tsufa, ba ta iya hanya. Na daɗe ina gudun kiran nan.

"Inna," in ji ta. Na tari numfashinta. Na ce ba gaisuwa na kira ba, aiki ne.

Ta bi da ni a hankali kamar mai koya wa yaro tafiya. Ta sa na buɗe wani ɗan baƙin allo a ta ƙofa, na buga harufan da ta faɗa, lambobi suka fito na karanta mata. Ta ce in danna wani maɓalli a jikin amfirimanti in riƙe. Na riƙe. Sai ga ta ta yi ƙara ta fito da takarda! Na yi tsalle kamar yarinya.

"Inna, zauna. Labarin kanta ta rubuto, ba ordinata ce ta aiko ba. Karanta mini lambar da ke sama."

Na karanta. Ta ce in koma baƙin allo in buga ping, in sa lambar.

"Me ke nan?"

"Sallama ce. Ta ƙofa za ta yi wa amfirimanti sallama, mu ji ko za ta amsa."

Sau huɗu ta yi sallama, ba a amsa ba.

"Na gano," in ji Hamida. "Babu wata cuta. Kin ga akwatin nan kamar mai unguwa ne, shi yake ba kowane gida lamba. Na Sharifu lambar wata unguwa yake rabawa. Ita kuwa amfirimanti da hannu aka rubuta mata tata, ta tsohuwar unguwa. Suna ɗaki ɗaya amma ba su san gidan juna ba."

"To a sauya mata."

"Ana sauyawa. Amma ɗan allon jikinta ya mutu tun bara, ko ba haka ba? Da ina nan da na bi ta wata hanya. Ta salula sai in ɓatar da ke. Nemo tsohon akwatin, Inna. In dai ba a soka masa tsinke a ɗan ramin baya ba, ya san kowa."

Bayan mun gama na zauna da takardar a hannu. In Issoufou ya zo, ina iya danna maɓallin nan, takarda ta fito, ba zai gane ba. Na yi tunanin, ba zan ɓoye ba. Sai na ninke ta na sa a ƙasan aljihun tebur. Ita ba ta taɓa ba mutum aikin ƙarya a ɗakin nan ba.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Na je wurin Malam Umaru, limamin unguwarmu. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce sadaka ba a karɓe ta, ba a ma sayenta daga hannun wanda aka ba. Ya ce ladan yana isa gare ta, kada in tsinke mata.

Na ce, "Malam, ba rediyo ba ne, ƙashin bayan shagon ne. Kuskure aka yi."

Ya ce, "Kuskuren da ya zame mata alheri, Balkisu."

Na yi godiya na tashi. Ban gamsu ba, ban kuma yi gardama ba.

Daga can na koma gidan Yaya Ɗela na zauna a tabarmarta, na ce ba zan tashi ba. Ta yi tsaki, ta yi tankaɗe, ta yi sallah, ina nan. Daga ƙarshe ta ce, "Ke dai, taurin kanki yarinyar nan ta gado. Yalwa aka ba, ƴar ƙanwar innarmu." Na san Yalwa, mun haɗu a bukukuwa. Ƙauyensu yana gab da Dungas.

Hanyar Dungas, inda ruwan ya ci ta.

Juma'a, 19 ga Satumba, da azahar

An yi ruwa. Na rufe taga da ƙofa na zauna har ya ɗauke. Ba na son jin gudunsa a kwata.

Asabar, 20 ga Satumba, da safe

Na buɗe shago.

Lahadi, 21 ga Satumba, da yamma

Na je gidan su Nassirou, ɗan kabu-kabun da yake kai ta aiki ƙauyuka. Shi ya ɗauke ta a ranar. Tun daga lokacin in ya hango ni sai ya sake hanya. Na same shi zaune a zaure, an kwance masa ɗaurin hannu, moto na jingine an rufe ta da buhu.

Ya zube ƙasa. "Inna, wallahi na ce mata mu jira…"

"Ban zo jin wannan ba. Tashi. Moto tana tashi?"

"Tana tashi."

"Jibi za ka kai ni ƙauyen su Yalwa."

Ya ce akwai ƴan kabu-kabu cike da tasha, shi bai sake bin hanyar ba. Na ce ni ma ban bi ba. Na ce in ban hau bayansa ba, garin nan ba zai daina nuna shi da baki ba, ni kuma na gaji da jin ana nuna shi. Matarsa tana bayan labule, na ji ta ja hanci.

Talata, 23 ga Satumba, bayan magariba

Mun tashi da sassafe. Gero ya sunkuya dama da hagu, wasu har sun fara yanka. Da muka kusa wurin na ji moto ta rage gudu, bayansa ya sandare.

Na ce, "Kada ka tsaya. Kada kuma ka nuna mini."

Bai tsaya ba. Ruwan ya janye, bai kai ko idon sawu ba. Wata mata tana wanke ƙwarya a gefe. Abin da na gani ke nan, don ƙwaryar na sa wa ido har muka wuce.

Yalwa ta fito tarbarmu da hijabi ruwan toka. Na san tabon tawadar da ke gefensa. Ta ga inda nake kallo, ta kai hannu za ta cire.

"Bar shi," na ce. "Ya karɓe ki."

Ta yi mini ya haƙuri, ta kawo fura, ta yi addu'a mai tsawo. Ta ce kullum ta shimfiɗa dardumar sai ta ambace ta. Ina cewa amin, idona na saman jerenta. Yana can tsakanin kwanuka, ƙahonsa biyu a miƙe.

"Wannan rediyon naku ya hana mu sakat," in ji Yalwa. "Maigida ya yanke masa wutsiya ya jona da batirin sola. Ido kawai yake ƙiftawa, ko tari bai taɓa yi ba. Ya kai shi Dungas, suka ce ba rediyo ba ne. Ya ce to mene ne? Suka ce na ƴan boko ne. Ya dawo yana ta faɗa."

"An soka masa tsinke a baya?"

"Tsinke? Nama ne?"

Na yi dariya. Tun ranar ban yi ba. Sai na ba ta labari duka, ordinata da ba sa ganin juna, da Issoufou da gyaɗarsa. Ta miƙe ta sauko da shi ta goge da bakin zane.

"Ɗauki abinki."

"Ba nawa ba ne. Naki ne, ladan nata. Malam ya ce ba a karɓa, ba a saye."

"To me kika zo yi har nan, baiwar Allah?"

"Ban sani ba. Na zo in gan shi."

Ta dube ni, ta dubi akwatin. Sai ta ce, "Ke Balki, turmina yanzu haka yana gidan maƙwabta. Ya daina zama nawa? Aro na ba ki. Amma ki dawo mini da abina, kin ji, na saba da ƙifta idon."

Ta ɗaure mini shi a ɗankwali, da guntuwar wutsiyar da mijinta ya yanke. Malam ya ce kada a karɓa, kada a saya. Bai ce kada a ara ba. Ban kuwa da niyyar komawa in tambaye shi.

Da dawowa Nassirou bai rage gudu ba. Na dafa kafaɗarsa har gida.

Alhamis, 25 ga Satumba, da la'asar

Sharifu ya haɗa wutsiyar da dalma, ya naɗe. Ya tsaya ya ga yadda za ta kaya. Na cire baƙin akwatinsa, na ɗora farin a kan katako, na zura wayoyi huɗu. Hamida tana kan salula.

Fitila uku suka kama. Ɗaya ta ƙi, ta wayar kusurwa.

"Kada ki yi fushi tukuna," in ji Hamida. "Sauya musu rami. In duhun ya zauna a ramin, akwatin ne. In ya bi wayar, wayar ce."

Na sauya. Duhun ya bi wayar. Sharifu ya ɗaga kanta ya duba, ashe ɗan harshen ya karye, wataƙila wurin fizga. Yaya Ɗela ba ta cire abu a hankali. Ya yanke ya matsa sabon kai. Fitila huɗu.

Ta ƙofa ta yi mini tambaya da Faransanci. Na karanta wa Hamida da ƙyar, ta ce tana tambaya ne ko ta yarda ƴan ɗakin nan su gan ta. Na ce ta yarda mana, su waye baƙi a nan? Sharifu ya zuba mata abin da za ta gane amfirimanti da shi. Na buɗe baƙin allo da kaina, na yi sallamar. Sau huɗu aka amsa.

Na rubuta, Balkisu ce ta buga wannan. Na tura. Ta fito da ɗuminta.

Sharifu ya yi kabbara har mai shayi ya leƙo. Na ce su yi mini shiru, ba biki ake ba.

Asabar, 27 ga Satumba, da hantsi

Ta ƙofa tana ganin ta taga. Dukansu suna ganin amfirimanti. Tata ce ba ta fito a jerin sunayen da ke kan allo ba, ga ta kuwa a kunne, fitilarta kore.

Hamida ta ce wani lokaci haka suke, sai an kira su da suna. Ta ce ta san ƙawarta, ba ta barin inji ba ta manna masa sunansa a jiki ba. Na duba. Tawa an rubuta KOFA. Ɗayar TAGA. Na zaga kusurwa na sunkuya.

"Karanta mini, Inna."

"Kin sani ai."

"Ban sani ba ko ta haɗa da lamba. Ko harafi ɗaya ya sauya ba za ta amsa ba."

Ba kowa a shagon. Na tsaya ina kallon rubutun hannunta. Na goya ta, na yaye ta, na raka ta tasha da akwatin karatu, duk da "ke" da "yarinyar nan" nake kiranta. Tana yi mini tsiya a kai, ta ce Inna ko sau ɗaya, ba mai ji. In ce ta tafi can, marar kunya.

"Mansura," na ce.

"Shi ke nan? Ba lamba?"

"Mansura kawai."

Na ji Hamida tana jan numfashi. Sai daga baya na tuna da na iya ɗaukar hoton rubutun in tura mata. Ita ma ta san da haka, ba ta faɗa ba.

Ta sa na buga sanda biyu masu karkata, na bi su da sunan. Harafi ɗaya-ɗaya na neme su a madannai. Ta amsa. Wani ɗan allo ya fito yana neman kod, kalmar sirri.

Na gwada shekarar haihuwarta. Na gwada sunan babanta. Hamida ta ce in tsaya haka nan. Ta ce kod ɗin yana ajiye a cikin ta ƙofa, shi ya sa ban taɓa ganin an tambaye ni ba, wankin nan ne ya tafi da shi. Ta ce ana buɗewa ba tare da an goge komai ba, amma sai an kai mata ita Damagaram, sai kuma ita Hamidar ta sauka lafiya.

Yau na yi kuka. Na rufe ƙofa tukuna.

Litinin, 29 ga Satumba, da safe

Na buɗe shago. Takardar neman aiki da kaina na tsara ta tun daga farko. Ta karkace kaɗan, mai ita ya karɓa haka nan.

Talata, 30 ga Satumba, bayan magariba

Amalanke ya iso da azahar, buhuna har sun fi jakin tsawo. Kafin Issoufou ya gama sallama kuran, wutar lantarki, ya ɗauke.

Ya dubi fanka da ta tsaya, ya dube ni. Mai amalanke ya fara kwance igiya.

"Kai, bar igiyar nan," na ce. "Rana ya ce. Rana ta faɗi?"

"Uwargida, kin koma lauya."

"Zama da ku ne."

Ya ce wa mai amalanke ya ja jaki inuwa. Ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa, ni ina ciki. Muka yi maganar gero, da ciwon ƙafar Yaya Ɗela. Ya ce ya ji na je ƙauyen su Yalwa, a bayan Nassirou kuma. Na ce ya ji daidai. Ya daɗe yana murza hula.

"Da na same ta, jakar kayan aikinta na rataye a wuyanta. Ba ta sake ta ba."

"Ya isa, Issoufou."

"To."

Muka yi sallar la'asar, kowa a wurinsa. Inuwa ta tsallake titi. Na fara duban bangon ina lissafin inda zan fara cire ƙusa, sai na hana kaina. Can fanka ta motsa.

Na kunna akwati tukuna, na jira idonsa ya daidaita, sannan na kunna sauran, kamar yadda Hamida ta koya mini. Issoufou ya shigo ya tsaya a kaina.

"Ba wadda kika shirya ba. Ni zan faɗa ki buga. A waccan ta taga kuma, mai nisa."

"Faɗi."

"Rubuta, gyaɗar Issoufou ta fi ta kowa a Magariya."

Na buga, na tura. Amfirimanti ta ɗan jinkirta. Sai ta ja takarda. Ya ɗauka ya nisanta ta da ido, yana haɗa baƙi a hankali.

"Gyaɗar… Issoufou… ba ta da wurin kwana."

Mai amalanke ya fashe da dariya har jaki ya firgita. Issoufou ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Yaya."

"Amin. Ka gaida gida."

Ya ce a juya amalanke, a kai zauren Yaya Ɗela, tunda ita ta fara. Daga bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi kusurwa. Ya ce in ranar kai ordinatar Damagaram ta zo in faɗa masa, kada in ɗora ta a moto.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da hantsi

Iyayen yara sun fara zuwa da dosiyen lakwal, takardun sa yara makaranta, tun safe ban zauna ba. Mijin Hamida ya kira, ta sauka lafiya. Sai ta gama wanka za mu yi maganar aiki.

Yalwa ta aiko da kuɓewa busasshiya, da saƙon wai saman jerenta ya yi mata fili.

Ban sayi sabon akwati ba, ban koyi yadda ake sauya wa amfirimanti lamba ba, don haka ban mayar wa Yalwa nata ba. Ta kusurwa tana kunne, har yanzu kod take nema.